Waƙafi Mai Ruwa Ba Ya Shiga Gidan Mutane

A maɗaba'armu mutum ɗaya ba ya duba rubutu shi kaɗai. Dokar Baba ce, ya kafa ta tun ban san hannun damana ba. Ido, in ji shi, maƙaryaci ne, abin da yake son gani shi yake gani. Saboda haka mutum biyu ke zama a tebur guda, suna fuskantar juna. Ɗaya ya riƙe asalin rubutun da marubuci ya kawo yana karantawa da ƙarfi, ɗayan ya riƙe abin da mai kwamfuta ta buga yana bi layi-layi da rula da jan biro. Ni ce mai karatu. Baba ne mai bi, kuma sunan biron ya manne masa, duk ma'aikatan gidan Jan Biro suke ce masa in ya ba da baya.

Yawancin aikin da ake kawo mana na Turanci ne, kuma karatunmu ba irin na masu labarai a rediyo ba ne. Duk alamar da ke kan takarda sai an faɗe ta da baki. Kalmomin da Turanci, alamomin da Hausa, don kada kunne ya cakuɗa su. Sai ka ji ina ta zuba: buɗe magana, kaza da kaza, rufe magana, waƙafi mai ruwa, kaza da kaza, aya. Baƙon da ya leƙo ɗakin yakan koma da baya a hankali, ya tambayi mai injin ɗab'i ko lafiya muke.

Cikin alamomin nan akwai wadda Baba ke kishi a kanta kamar shi ya haife ta, wato waƙafi mai ruwa, ɗigo a sama, wutsiya a ƙasa. In ya gan shi an cusa shi cikin alamar rufe magana, ranar babu mai shan ruwa a gidan.

“Alamar magana katangar gidan mutum ce,” haka yake cewa. “Abin da mutum ya faɗa shi ke cikin gidansa. Waƙafi da aya, to, wasu gidajen ɗab'i suna barin su su shiga, wasu suna hanawa, kowa da tsarinsa, ba na faɗa da kowa. Amma waƙafi mai ruwa naka ne kai marubuci, kai ka zo da shi don ka haɗa zancenka biyu. Sai a rufe magana tukuna, sannan ya tsaya a waje. Ka taɓa ganin an shiga gidan mutane da akuyar da ba tasu ba?”

Na ji wannan huɗuba har ta fita daga kaina. Akwai wani malamin makaranta da ya taɓa gardama da shi a kan haka, Baba ya bi shi har bakin titi da takarda a hannu.

Aikin Baba na biyu shi ne ɗauko 'yata daga makaranta. Mijina yana aiki a nesa, sai ƙarshen wata muke ganinsa, don haka tun rasuwar Inna ni da yarinyar muka dawo gidan Baba da zama. Shi ne ya laƙaba mata suna Ɗigo saboda ƙanƙantarta, ita kuma tana ce masa Tsoho in tana jin tsokana. Kullum in an kusa tashi daga makaranta sai ya rufe biro, ya ce, “Bari in je kada amaryata ta yi fushi,” ya ɗauki makullin babur. Ya ɗora ta a gabansa a kan tanki, su bi ta babban titi, su ratsa shataletalen da tireloli ke juyawa, ya kai ta gida, ya dawo aiki. Ban taɓa son titin nan ba. Amma Baba ya fi ni daɗewa da sanin sa, kuma ban taɓa jin ko kaza ya taka ba.

Ranar da abin ya faru muna kan wani littafin kiwon kaji ne, mai kauri, wanda wani tsohon likitan dabbobi ya rubuta. Mutumin ya iya Turanci, kuma yana son waƙafi mai ruwa kamar gishiri. Mun yi nisa sosai, sai Baba ya tashi ya fita salla. Yana fita aka dawo da wuta, fankar sama ta tashi da ƙarfinta, ta watsar da takardunsa a ƙasa.

A ƙa'idarmu mai karatu ba ya leƙen takardar mai bi. Kowa da tasa. Rabon da in riƙe shafin Baba a hannuna har na manta. Na durƙusa ina tattarawa ina tsine wa fanka, idona ya faɗa kan wani layi, sai na tsaya.

Waƙafi mai ruwa ne zaune daram cikin alamar rufe magana, babu ko ɗigon ja a kansa.

Na yi dariya ma da farko. Na ce yau na kama Jan Biro, zan ci shi tara. Na duba ƙasa kaɗan, ga wani. Na juya shafi, ga wasu. Sabuwar mai kwamfutarmu ce, ashe ita a ganinta ya fi kyau a ciki, sai ta bi littafin kaf tana shigar da su. Na ɗauko asalin na gwada. Likitan ya rubuta nasa daidai, ni ma daidai na karanta, rufe magana sannan waƙafi mai ruwa, kunnen Baba ya ji daidai. Ɓarnar a takardarsa kaɗai take, inda ido ne kawai zai kama ta. Tun daga shafin farko har inda muka tsaya bai kama ko ɗaya ba.

Ja kam akwai shi a shafukan. Duk inda likitan da kansa ya yi tuntuɓe, na kuma karanta tuntuɓen da baki, Baba ya sa biro. Sai dai jan ba ya kan kalmar. Wani yana layin ƙasa, wani ya zame gefe, wani kuma a farar takarda yake inda babu rubutu ko kaɗan.

Na daina dariya. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da duk na ba su uzuri. Yadda ya sa aka ja teburinmu bakin taga, wai zafi. Yadda yake kunna fitila da rana tsaka yana zagin tawadar zamani da rashin baƙi. Yadda yake karkatar da kai in zai kalli mutum, kamar zakara ya hango shaho. Shayin da ya zuba a gefen kofi ya ce butar ce ta lalace. Mai injin da ya tsaya a gabansa, bai gane shi ba sai da ya yi magana. Ni kuwa da nake zaune da shi fuska da fuska, kaina na kan takarda ina ta kaza da kaza.

Na ji takunsa a baranda. Ban san lokacin da na yi abin da na yi ba. Akwai wani aiki a gefe, dokokin wata makarantar kwana, girman takardar ɗaya da namu. Na zari shafuka daga ciki na ɗora a saman tarin Baba, na koma kujerata.

Ya shigo yana goge ruwan alwala a gemu, ya zauna, ya laluba rula, ya ɗora ta a kan dokokin makaranta.

“Ina muka tsaya, Uwata?”

“Cututtukan damina,” na ce.

“Bismilla.”

Na fara karanta yadda ake gane kazar da ta kamu da mura. Rularsa ta fara sauka, layi bayan layi, daidai da numfashina, a kan dokar hana ɗalibai fita bayan an rufe ƙofa. In na ja numfashi ya tsaya. In na ci gaba ya sauko. Da na kai ƙarshen shafi na juya, shi ma ya lashi yatsa ya juya. Shekara nawa ina jin ƙarar rular nan a kan takarda ina samun natsuwa, yau ita ce ke ba ni tsoro.

“Tsaya,” ya ce. “Maimaita.”

Na maimaita. A nan likitan ya yi kuskure da gaske, ya sa waƙafi mai ruwa kafin ya rufe magana.

“Ka ji shi ko! Shi ma ya shigar da akuya.” Ya buɗe biro da haƙori, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa takarda, ya zana da'ira mai kyau, ya ja kibiya zuwa waje. A kan jerin kayan da ɗalibi zai zo da su ya zana ta, tsakanin bokiti da bargo. Ya ɗago yana murmushi. “Wuce.”

Ban wuce ba. Na kalli agogon bango, na kalli makullin babur da ke rataye a ƙusa bayan kansa.

“Baba, yau ni zan ɗauko Ɗigo.”

“Da wace ƙafar?”

“Zan hau mota. Ka huta, ka gaji.”

“Wa ya ce miki na gaji? Ke dai kishi kike yi. Ki bar ni da amaryata, ki yi karatunki.”

Yaya 'ya take kallon ubanta ta ce masa na gwada ka, ka faɗi? Ina cikin neman kalmar sai Manajan maɗaba'ar ya leƙo, wai likitan kaji ya zo a kan maganar bangon littafi, in zo yanzu.

“Baba, don Allah ka jira ni. Akwai maganar da zan gaya maka. Kada ka tafi.”

“Je ki, je ki,” ya ce yana kaɗa biro.

Likitan mutumin kirki ne, amma a ranar nan, da na samu dama, da na toshe masa baki da bangon littafinsa. Zakara yake so a sa, ba kaza ba. Ba kowane zakara ba, ja, mai tsayin wuya. Manaja na ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ni kunnena na waje. Likitan ya fara ba mu tarihin zakaran da ya taɓa kiwo ke nan sai na ji an buga babur. Bugu na farko bai tashi ba. Na biyu ya tashi.

Na fita ban ce wa kowa uffan ba. Kafin in zagayo ta ɗakin inji in kai ƙofa, ya kai ƙarshen lungu. Na ƙwala masa kira, ƙarar inji ta haɗiye muryata. A karo na farko na tsaya na kalli yadda yake tuƙi. A hankali yake tafiya, manne da bakin kwata, kansa a karkace, ƙafarsa ta hagu tana sharar ƙasa kamar mai neman abu a cikin ruwa. Ya kai bakin babban titi, ya tsaya, ya sunkuyar da kai. Ba dubawa yake ba, saurare yake. Sannan ya shiga.

Na kira wayarsa, na ji tana ringi a kan teburinmu ta taga.

Motar hayar da na samu ta tsaya ɗaukar kowa da kakarsa. Ina zaune a takure, ina addu'ar da ban san farkonta da ƙarshenta ba. Da na isa makarantar an watse, mai gadi na jan ƙofa. Ya ce ai Tsoho ya zo ya ɗauki amaryarsa tun ɗazu. Na sake tare wata motar. A shataletale muka tarar da cunkoso, wata tirela ta tsaya a karkace, direbanta a ƙasa yana ta ɗaga hannu yana rantsuwa, mutane sun kewaye shi. Na leƙa ta taga har wuyana ya yi ciwo. Ban ga babur ba, ban ga jini ba. Fasasshen gilashi kawai na gani yana ƙyalli a kwalta. Wata mata kusa da ni ta ce, “Allah dai ya kiyaye, masu babur ɗin nan ba sa jin magana.” Na ji kamar in shaƙe ta.

Babur ɗin na tsakar gida lokacin da na shiga. Madubin dama ya karye, yana lilo a jikin waya. Baba na tsugune a bakin famfo yana wanke hannu, ya daɗe yana wankewa.

“Ke ce, Uwata? Kin baro aiki?”

“Me ya sami madubi?”

“Wani mai kurar ruwa ne ya goge shi a ƙofar makaranta. Mutane ba sa kallon gabansu.” Ya miƙe ya shige ɗakinsa, ya saki labule. Bai koma aiki ba ranar.

Ɗigo na zaune a bakin gado da kayan makaranta a jikinta, ko takalmi ba ta cire ba. Yarinyar da in ta dawo sai na roƙe ta ta yi shiru. Na zuba mata abinci ta ce ta ƙoshi. Na kai ta banɗaki zan yi mata wanka, ina cire mata safa na ga gwiwarta ta dama a saluɓe, jinin ya bushe da ƙasa a ciki.

“Faɗuwa kika yi?”

Ta girgiza kai.

“To me ya faru?”

Ta kalli ƙofa, ta rage murya. “Umma, ni ce na yi kuskure.”

“Wane kuskure?”

“A karatu.”

Na ɗauka na makaranta take nufi. Na ce ai ba a dukan mutum a gwiwa don ya yi kuskure, wace malamar ce? Ta ce ba a makaranta ba, a hanya.

“Ni ce mai karatu, Kaka ne mai bi. Irin naku. In na ga rami ko mutum sai in ce waƙafi, ya rage gudu. In fitila ta yi ja in ce aya, ya tsaya cak. In mun zo shataletale in ce waƙafi mai ruwa, ya sa ƙafa a ƙasa, in duba, in babu mota in ce wuce.” Ta faɗe shi tiryan-tiryan, har da ɗan alfahari, kamar mai ba da hadda. Sai ta kalli gwiwarta. “Yau na ce wuce. Ban ga babbar motar ba, wata ce ta kare ta. Da na gan ta na rasa wanne zan ce, sai na yi ihu kawai.”

Soson ya faɗi daga hannuna cikin bokiti. Yarinyar da har yanzu ni ke ɗaura mata igiyar takalmi.

“Tun yaushe kuke wannan karatun?”

“Tun ina ajin Malama mai tabarau.”

Ajin bara ke nan. Na zauna a bakin bokiti.

“In zai zo ɗauko ki fa, wa ke karanta masa?”

“Ya ce hanyar zuwa ya haddace ta.” Ta kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunta. “Umma, kar ki ce na faɗa. Ya ce ba laifina ba ne, amma na san laifina ne. Gobe zan duba sosai. Kar ki bari ya kore ni daga aikin.”

Na wanke ciwon, na sa mata magani, na ce babu mai korar ta. Na ba ta wayata ta yi wasa, abin da ba na yi. Tsoron da ya riƙe ni tun rana ya sauka, fushi ya hau kujerarsa. Ban taɓa jin haushin mahaifina irin na wannan yammacin ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa irin haka ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da na yi sallama a ƙofarsa. Yana zaune a kujerarsa ta katako, rediyo a cinya, bai kunna ba. Ɗakin ya fara duhu, bai kunna fitila ba shi ma. Na cire takalmi na tsaya a bakin ƙofa.

“Baba, makullin babur na zo karɓa.”

“Za ki koyi tuƙi ne?”

“Na ga tirelar a shataletale.”

Ya ce, “Direban ne mahaukaci. Kowa ya shaida.”

“Shafin da ka duba bayan salla ba na littafin kaji ba ne. Dokokin makarantar kwana ne. Ni na sa maka.”

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya ajiye rediyon a ƙasa a hankali.

“Ni kika yi wa gwaji? Ni? Wa ya koya miki riƙe takarda? Kin girma ke nan, har kin fara haƙa wa ubanki rami a wurin aikinsa?”

“Ka yafe mini. Amma mai kwamfuta ta shigar da waƙafi mai ruwa cikin magana tun daga shafin farko, ba ka ga ko ɗaya ba.”

Wannan ta fi tirelar dukan sa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, “Duka?” Na ce duka. Ya shafa gemu, ya ce a ransa ya ji matar nan ba ta da tarbiyya. Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

“Hazo ne,” ya ce can. “Kamar an shafa wa gilashi mai. Idon dama ya tafi tuntuni. Na hagu akwai 'yar kusurwa, in rana na da ƙarfi ina ganin inuwar abu. In ta yi sanyi kamar yanzu, sai murya.”

“Me ya hana ka faɗa? Da mun je asibiti.”

“Na je. Ni kaɗai na je. Sun ce an makara.” Ya ɗaga murya. “In faɗa a yi yaya? Manaja ya karɓe biro, ke ki karɓe makulli, a shimfiɗa mini tabarma a zaure ana wucewa ana sannu Baba? Abu biyu suka rage mini a duniya, Uwata. Titin nan na san shi kamar tafin hannuna. Na san kowane rami, na san kukan kowace mota. Yarinyar kuma tana da ido, ta fi ki ma natsuwa.”

“Biro naka ne. Ba zan gaya wa Manaja ba. Kunnenka ya fi idon mutum goma, ka ci gaba da kama na marubuta, ni in bi bayanka in kama na mai kwamfuta. Amma makulli sai ka ba ni.”

“Ki bar mini zuwa ƙarshen zango.”

“A'a.”

“To gobe kawai. In gaya mata da bakina.”

“A'a, Baba.”

Tunda nake ban taɓa ce masa a'a sau biyu a jere ba. Ya buga hannun kujera.

“A gidana? Fita ki ba ni wuri! In kin ga dama ki kwashe 'yarki ku koma inda kuka fito. Babur nawa ne, da gumina na saya.”

Ban fita ba. Na ce, “Ta ce in roƙe ka kada ka kore ta daga aiki. Ta ce laifinta ne, gobe za ta duba sosai.”

Daga ɗakinmu ana jin ƙarar wasan da Ɗigo ke yi a waya, wani ɗan kiɗa mai maimaita kansa. Sai na ga ruwa na bin gefen hancin Baba yana shiga gemu, bai share ba.

“Haka ta ce?”

“Haka ta ce.”

“Na gaya mata ba laifinta ba ne.”

“Ba ta yarda ba.”

Ban iya ci gaba da tsayuwa a kansa ba. Na taka a hankali a kan tabarma, na zo gefen kujerarsa ta dama na durƙusa, na toshe bakina da mayafi don kada ya ji kukana. Ina kusa da shi har ina jin ƙamshin sabulun da ya wanke hannu da shi. Can ya sa hannu a aljihun gaba, ya laluba, na ji ƙarar ƙarfe.

“Ungo,” ya ce.

Ya miƙa hannu sosai, makullin a yatsunsa, wajen bakin ƙofa inda babu kowa sai takalmina. Ya riƙe shi a haka yana jira, fuskarsa a ɗage, irin ta mutumin da ke kallon 'yarsa ido cikin ido.

Na tashi ba tare da tabarma ta yi ƙara ba, na zagaya ta bayan hannunsa, na koma bakin ƙofa na tsaya inda yake zaton nake. Sannan na sa hannu biyu na karɓa, na ce, “Na gode, Baba.”